Kiɗan Dare da Haƙƙin Maƙwabtaka

A daren wata Asabar cikin tsananin bazara, lokacin da zafi ya kori jama'a daga ɗakuna kowa ya shimfiɗa tabarmarsa a tsakar gida, aka kafa rumfa a wani lungu na unguwarmu, aka jera kujerun roba, aka girke akwatunan sauti waɗanda kowannensu ya kai ƙirjin babban mutum, aka tayar da janareta, domin ana aurar da wata yarinya 'yar gidan mutunci wadda babu mahalukin da ba ya yi mata fatan alheri. Tun bayan sallar isha'i yaron da aka ɗauko ya fara gwada na'urarsa, ko da dare ya raba kuwa, kwanon rufin gidajen da ke kewaye rawa yake yi, tasoshin da mata suka jera a kabad suna karo da juna, jarirai suna tsala kuka ba mai jin su sai iyayensu mata.

A gidan da rumfar ta jingina da katangarsa akwai wani dattijo wanda uwargidansa ke fama da hawan jini, ba ta daɗe da dawowa daga asibiti ba. Ina zaune a ƙofar gida, don ni ma barci ya ƙaurace mini, na ga ya fito da hularsa a kai da carbinsa a hannu, ya tako a hankali har bakin rumfar, ya tsaya yana duban uban amarya, mutumin da suka yi shekara da shekaru suna tsayuwa a sahu ɗaya. Ya daɗe a tsaye, sa'an nan ya ɗaga hannu ya yi gaisuwa, ya juya ya koma gida. Da aka idar da sallar asuba uban amarya ya riƙe hannunsa ya ce, "Alhaji, jiya mun hana ku barci, a yi mana haƙuri." Dattijon ya amsa da cewa, "Haba Malam, ba komai, ai abin farin ciki ne. Allah ya ba su zaman lafiya."

Dukansu mutanen kirki ne, kuma kowannensu ya faɗi abin da ladabi ya koya masa, amma duk da haka an yi zalunci a daren nan, an kwana an tashi ba a kira shi da sunansa ba, za a kuma sake yin irinsa a wani lungun ranar Asabar mai zuwa. Biki ma aƙalla yana da ranar ƙarewa. Wanda ya fi shi nauyi shi ne saurayin da ke ɗakin haya wanda ba ya kashe sifikarsa sai wuta ta ɗauke, da mai shagon cajin waya da turin waƙoƙi wanda ya fuskantar da akwatinsa ga tagar mutane tun hantsi har tsakar dare.

1. Kiɗa ya sauya, ladabinsa bai sauya ba

Ƙasar Hausa ba ta taɓa zama ƙasar shiru ba, kuma mai neman ya mai da ita haka bai san ta ba. Mahauta da kalangunsu, manoma da gangar noma a ranar gayya, maƙera da kiɗan sana'arsu, fada da tambari da kakaki da algaita, mata a cikin gida da shantu da kiɗan ƙwarya, 'yan mata da gaɗa a dandali in farin wata ya fito, yara da tashe in azumi ya kai kwana goma: duk waɗannan sauti ne, mun tashi a cikinsu, ba a kuwa ji kakanninmu suna kai ƙarar juna gaban alƙali saboda su ba. Dalilin haka a fili yake ga mai lura, shi ne cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan kiɗe-kiɗe yana da haddin da halitta ta yanka masa, domin makaɗi ɗan'adam ne, damtsensa yana gajiya, muryar mawaƙi tana dishewa, fatar ganga tana da iyakar amon da za ta iya fitarwa, dandali kuma fili ne da aka keɓe, ba a jikin ɗakin barcin kowa yake ba. 

Daga baya garmaho ya zo, rediyo ta biyo baya, sa'an nan rikoda da kaset, kuma har zuwa nan abin bai fi ƙarfin ɗaki ko zaure ba. Abin da ya rushe tsohon haddi shi ne haɗuwar abubuwa uku a hannun kowa: na'urar ƙara ƙarfin sauti mai araha, da janareta ko batirin da ke riƙe caji, da wayar hannu mai ɗauke da waƙoƙin da ba za su ƙare ba ko za a kwana uku ana juya su. Yau yaro ɗan shekara goma sha biyar, da ɗan yatsansa guda, yana iya fitar da amon da makaɗan fada gaba ɗaya ba su iya fitarwa ba, na'urar kuwa ba ta gajiya, ba ta jin yunwa, ba ta jin kunyar dattijo.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma mu mun karɓi sabon kiɗa muka riƙe tsohon ladabi. Ladabin da ya ce kada ka yi ƙorafi a kan bikin maƙwabcinka an gina shi ne a zamanin da bikin maƙwabci bai wuce kalangu biyu da guɗa ba, waɗanda haƙuri a kansu abu ne mai sauƙi, kuma kara ce mai kyau. Ɗora wannan ladabi a kan akwatunan da ke girgiza katanga ɗora wa mutane nauyin da ba a yi shi dominsa ba ne.

2. Cutar da ba ta barin tabo

Abin da ya sa ake raina wannan mas'ala shi ne ba ta zubar da jini, ba ta barin shaidar da za a nuna wa mai unguwa da safe. Da maƙwabci zai saki ruwan wankansa ya bi ta ƙarƙashin katangarka, kowa zai gani ya ce an cuce ka. Da ya hana ka barci dare uku a jere, sai a ce ka cika ƙorafi. Alhali kuwa masana lafiya sun daɗe da auna wannan cuta da ma'auni. Ƙarfin sauti ana ƙidaya shi da abin da ake kira desibel, hirar mutum biyu tana kaiwa kamar 60, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun a 1999 ta ba da shawarar kada amon da ke cikin ɗakin barci ya wuce 30 in ana son barci ya yi daɗi. Masana lafiyar ma'aikata suna ɗaukar 85 a matsayin iyakar abin da kunne zai jure na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana rage wannan lokaci da rabi, har in aka kai 100, wanda akwatunan biki ke kaiwa ba da wahala ba, abin da ya rage bai wuce minti 15 ba. A can cikin kunne akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi waɗanda su ne ke karɓar sauti, in amo ya kashe su ba sa sake tsirowa har abada, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa jinsu ta hanyar sauraron sauti mai ƙarfi. Yaran da ke tsalle a gaban akwati a wurin biki, da jaririn da aka goyo aka shiga fili da shi, su ne farkon waɗanda ake cuta, tun kafin a zo kan maƙwabci.

Shi kuwa maƙwabci, cutarsa ta barci ce. Ido yana da fatar da ke rufe shi, kunne ba shi da marfi, yana aiki ko mutum ya yi nisa a barci, don haka amo yakan ɗaga bugun zuciya ya katse zurfin barci ko da mai barcin bai farka ba. Mai hawan jini, da mace mai jego, da ɗalibin da zai shiga jarrabawa, da direban da zai ɗauki fasinja zuwa wani gari da sassafe, duk suna biyan kuɗin nishaɗin da ba su halarta ba. Mu kuwa mutane ne masu tashi sallar asuba wajen ƙarfe biyar, wanda aka hana barci har ƙarfe biyu ba shi da inda zai rama.

Akwai kuma wani abu da mai kiɗa galibi bai sani ba, kuma saninsa yana rage husuma. Siririn sauti, irin muryar mawaƙi, katanga tana tare mafi yawansa, amma kakkauran amon nan da ke dukan ƙirji yana ratsa bulo da ƙasa da kwano, har ya bi jikin gini ya fita a ɗakin da ke bayansa. Saboda haka mai ɗaki yana jin waƙa mai daɗi, maƙwabcinsa kuwa ba abin da ke isa gare shi sai dum, dum, dum marar ma'ana, shi ya sa in an yi masa magana yake rantsuwa da gaskiyarsa cewa bai ƙure ba. Masu cewa a rufe taga kuma sun manta da watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, lokacin da rufe taga a ɗakin da ba fanka ya fi amon kansa azaba.

3. Abin da malamai suka riga suka tsara

Ba ni da nufin shiga saɓanin malamai game da hukuncin kiɗa da waƙa, don wannan fage ne na ma'abotansa, kuma mas'alarmu ba ta rataya a kansa ba. Ko da abin da ake sakawa halal ne tsantsa wanda babu shubuha a cikinsa, tilasta wa wani ya ji shi a lokacin hutunsa cuta ce, cuta kuwa tana da babinta daban a fiƙihu. Alƙur'ani mai girma a Suratun Nisa'i, aya ta 36, ya jera maƙwabci na kusa da na nesa cikin waɗanda aka yi umarni da kyautata musu, tare da iyaye da marayu. A Suratu Luƙman, aya ta 19, an yi wasiyya da sassauta murya. A Suratun Naba'i kuma an ambaci barci da dare cikin ni'imomin da Allah ya yi wa bayinsa don su huta. Hadisai ingantattu sun nuna yadda Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci har Manzon ya zaci za a ba maƙwabci gado, sun kuma kore cikar imani daga wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga sharrinsa ba. Duk ɗalibin da ya karanta Arba'una Hadisi ya wuce ta kan hadisi na 32, wanda ya hana cuta da cutarwa, wanda kuma Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, malaman usulu suka mai da shi ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin shari'a.

Malaman mazhabarmu ba su bar wannan ƙa'ida a matsayin wa'azi kawai ba, sun saukar da ita a kan katanga da taga da magudanar ruwa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun zamanin da, ta hana mutum ya buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabcinsa, ko ya yi haƙan da zai cuce shi, ko da kuwa a cikin mulkinsa yake yi. Wannan jumla ta ƙarshe ita ce amsar babbar hujjar mai kiɗa, wato cewa gidansa ne, da kuɗinsa ya sayi na'urarsa, ko shi ke biyan hayar ɗakinsa. Gaskiya ne ɗakin nasa ne, amma sautin bai tsaya a ɗakin ba, kuma shari'ar da ta hana idonka shiga gidan maƙwabci ta taga ba za ta halatta wa amonka shiga ta katanga ba.

A birnin Tunis, a ƙarni na 14 na Miladiyya, an yi wani magini masani da ake kira Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya kuma tattara abin da ya gani da fatawoyin malamai a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. A ciki ya bayyana yadda ake gane ko dutsen niƙan da dabba ke juyawa yana cutar da katangar maƙwabci: a rataye takarda da zare daga rufin da ke kan katangar, a zuba mata busassun ƙwayoyi ƙanana, sa'an nan a ce wa mai niƙa ya juya dutsensa, in ƙwayoyin suka motsa an tabbatar da cuta. Ina kawo wannan ne don mai karatu ya ga cewa magabata, shekara ɗari bakwai da suka wuce, sun ɗauki kukan maƙwabci da muhimmancin da har suka ƙirƙiro masa ma'auni, ba su sallame shi da cewa ya yi haƙuri ba.

Amana ta ilmi ta wajabta a faɗi cewa game da amo zalla, wanda ba ya girgiza gini, malaman sun yi saɓani. Waɗansu sun yi rangwame ga maƙeri da mai bugun tufafi, irin mabugan da har yau ake ji a kusa da marina, bisa hujjar cewa da wannan amo suke ciyar da iyalinsu, hana su kuwa cuta ce da ta fi ta mai ƙorafi girma; waɗansu kuma suka ga a hana in abin ya kai ga hana mutane barci da dare. To, a duba illar rangwamen, ita ce larurar neman abinci. Mai injin markaɗe da mai walda suna iya fakewa da wannan larura da rana, a kuma yi musu uzuri gwargwado. Amma wanda ya ƙure sifika don nishaɗin kansa da ƙarfe ɗaya na dare, wace larura zai kawo, alhali rage sautin ba zai rage masa ko kwabo ba, waƙar da yake so kuma zai ji ta sarai da sulusin ƙarfin da ya sa?

4. Laifi tudu ne

Maganar nan ba za ta yi adalci ba in ta tsaya a kan samari da masu biki, domin laifi tudu ne, kowa yakan taka nasa ya hango na wani. Da yawa daga cikinmu masu fushi da kiɗan dije, wato mai juya na'urar kiɗa a biki, ba mu ga aibi ga lasifikar da aka ɗaura a kan soro ana sakin wa'azi ko karatu har tsakar dare, ko majalisin da aka toshe hanya aka kwana ana yi, ko addu'ar dare a coci da ganguna da amsa-kuwwa, ko mai tallan maganin gargajiya da ke tsayar da motarsa a ƙofar gidan mutane yana faɗin abin da uba ba zai so ya ji tare da 'yarsa ba, ko janaretar da muka ajiye a nesa da tagarmu, a jikin tagar maƙwabci. Marar lafiyar da aka hana barci ba ya samun sauƙi don abin da ya hana shi mai tsarki ne. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah, yana i'itikafi a masallaci, ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya hana su cutar da juna da ɗaga murya a kan juna, alhali Alƙur'ani suke karantawa. A 2021 ma'aikatar harkokin addini ta Saudiyya ta taƙaita amfani da lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, ta kuma ce kada ƙarfinta ya wuce sulusi. Kiran salla yana da matsayinsa da ba mai jayayya a kansa, kuma 'yan mintoci ne. Sauran abin da muke ɗorawa a kan lasifika kuwa ya kamata mu auna shi da mudun da muke auna kiɗan yara, in ba haka ba saurayin da muka je yi wa nasiha zai nuna mana soron masallacinmu, mu kuwa mu rasa amsa.

5. Hanyar da ta fi kusa da maslaha

Babban abin da ke ciyar da wannan cuta gaba shi ne shirun wanda aka cuta. Mu mutane ne da aka tarbiyyantar a kan kara da kawaici, har muka ce ana barin halal don kunya, kuma wannan ɗabi'a ce mai daraja wadda ta riƙe zumunci shekaru aru-aru. Sai dai haƙurin da ake yi da baki, zuciya tana tafasa, ba ya zama lafiya: yakan koma gaba, a daina gaisawa, mata su daina aika wa juna abinci, a hana yara shiga gidan juna, har ranar da tura ta kai bango a yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, mai kiɗa kuwa har ranar bai san asalin laifinsa ba, don ba wanda ya taɓa gaya masa. Haƙurin da shari'a ta yaba ba ya hana nasiha, kuma mutum yana da ikon ya yafe haƙƙin kansa, amma ba shi da ikon ya yafe na matarsa marar lafiya ko na jaririn da ke gidansa.

Saboda haka matakin farko shi ne magana, kuma lokacinta da siffarta sun fi lafazinta muhimmanci. Kada a je da tsakar dare ana huci, lokacin da shi yana cikin abokansa, girman kai ba zai bar shi ya rage ba ko yana so. A bari gari ya waye, a same shi shi kaɗai, a yi sallama a gaisa, a tambayi iyali da aiki, sa'an nan a faɗi abin da ya faru a gidanka ba tare da an siffanta halinsa ba. In yaro ne, "Ɗana, wata alfarma na zo nema, mahaifiyarka ba ta da lafiya, sautin nan kuwa yana shigowa har gadonta, ko za ka taimaka ka rage mana daga ƙarfe goma?" ta fi "ba ka da tarbiyya" saurin kai mutum ga biyan bukata, durƙusa wa wada kuwa ba gajiyawa ba ne. A nemi abu ƙayyadadde wanda zai iya yi: ya janye akwatin daga jikin katangar da kuka haɗa, ya ɗaga shi daga ƙasa, ya rage kakkauran amon, ya sa abin sauraro na kunne in dare ya yi. Ya halatta ma a gayyace shi ya shigo ɗakinka alhali kiɗansa yana tashi, don da yawa ba su gaskata sai sun ji da kunnensu. Abin da ya wajaba a guje wa shi ne ramuwa, wato sayo akwatin da ya fi nasa, ko yanke masa waya, ko jifa a kan kwano, domin wannan yana mai da mai gaskiya abokin tarayya a laifi, sauran maƙwabta kuma su sami azaba biyu.

In magana ba ta yi ba, sai a nemi wanda yake jin nauyinsa, mahaifinsa ko yayansa ko maigidansa a wurin sana'a ko mai gidan da yake haya, daga nan sai limami da mai unguwa, kuma ya fi kyau masu ƙorafi su je su biyu ko uku, don kada a mai da abin ƙiyayyar mutum ɗaya. Bayan wannan ne hukuma take shigowa, kuma ya kamata jama'a su san cewa doka tana tare da su. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tsare ƙa'idojin muhalli a Nijeriya, tana da dokokin ƙayyade amo na 2009 waɗanda suka yanka iyaka ga unguwannin zama, iyakar dare kuma ta fi ta rana tsanani. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa tun 1960 ta haramta damun jama'a, hukumar muhalli ta Jihar Legas kuwa a 2016 ta rufe coci-coci da masallatai da otal-otal masu yawa saboda amo. A jihohin da ke da Hisba, sulhu tsakanin maƙwabta yana cikin ayyukanta na yau da kullum. Mai niyyar kai ƙara ya rubuta ranaku da lokutan da abin ya faru, ya ɗauki sautin da wayarsa daga cikin ɗakinsa, ya kuma sanar da maƙwabcin cewa zai kai, don kada ya ji an yi masa kwanton ɓauna.

Amma duk wannan ɗora wahala ne a kan wanda aka cuta, alhali kamata ya yi nauyin ya koma kan mai tayar da amo. Ba a fafe gora ranar tafiya: mai shirin biki, kamar yadda yake raba goro da katin gayyata, ya zagaya gidajen da ke jikin nasa kwana uku kafin ranar, ya tambaya ko akwai marar lafiya ko mai jego, ya faɗi lokacin da za a tashi, ya kuma cika alkawari. Neman izini kafin a yi ya bambanta ƙwarai da ba da haƙuri bayan an gama, domin na farko yana ba maƙwabci damar ya ce a'a ko ya kai marar lafiyarsa gidan 'yan'uwa, na biyu kuwa ba ya bar masa komai sai ya ce ba komai. Masu unguwanni, tare da limamai da shugabannin matasa, suna da ikon su tsayar da lokaci guda ga kowa, a ce ƙarfe goma na dare, a shelanta shi a masallatai da coci-coci, ya hau kan biki da majalisi da shago ba tare da togiya ba, masu gidajen haya kuma su rubuta shi a takardar haya tun ranar da ake karɓar kuɗi.

In aka karya wannan ƙa'ida, a nemi mai bikin da ya yi hayar kayan, shi za a tuhuma. Na sha ganin an kama yaron da ke juya na'ura an ƙwace masa akwatunan da galibi ba nasa ba ne, haya ya ɗauko su don ya sami na abinci, alhali wanda ya biya shi, ya kuma ce masa ya ƙara sauti don a san ana biki a gidansa, yana zaune a zaure ana yi masa barka da taro.